Na'urar Hango Cunkoso a Manyan Hanyoyin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa tuƙi a Los Anjelis tsakanin la'asar da magariba ya san wannan yanayin. Ka hau babbar hanya kana ta gudu, ka wuce mafita, ka sha kwana, sai ka hango jajayen fitilun birki a jere har inda ido ya tsaya. Manyan hanyoyin da Amurkawa ke kira firiwe ba su da danja a tsakiyarsu, ba su da shataletale, ba a juyawa a koma baya. Mashiga ce da mafita, kuma tsakanin wata mafita da wata sai a yi kilomita biyu ko uku. Wanda ya shiga ya shiga. Shi ya sa labarin abin da ke gaba yake da daraja a wurin direba, muddin ya same shi kafin ya wuce mararraba ta ƙarshe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin zuwa da masu sana'ar tuƙi suka fi yi.

Wace irin na'ura ake nufi?

Duk wata 'yar na'ura da za ka riƙe a hannu ko ka maƙala a mota, wadda ke karɓar labarin hanya ta iska tana nuna maka inda motoci ke gudu da inda suka tsaya cik a daidai lokacin. Yau kusan kowa wayarsa ce ke yi masa wannan aikin, da manhajar Google Maps ko Waze ko Apple Maps. Amma ba daga waya aka fara ba.

A 2003 wani kamfani a yankin Siyatil ya fitar da wata na'ura mai suna TrafficGauge. Girmanta kamar tafin hannu, aikinta ɗaya tak. A fuskarta akwai zanen manyan hanyoyin birnin, zanen da ba ya motsi, sai alamu su bayyana a kan sassan da tafiya ta yi nauyi. Ba ta san inda kake ba, ba ta san inda za ka ba, ba ta magana. Kallo ɗaya za ka yi mata ka yanke shawara da kanka. Daga baya an yi irinta don Los Anjelis. Siyatil kuwa gari ne da ya dace da ita ƙwarai, domin tafkin Washington ya raba birnin da garuruwan gabashinsa irin su Bellevue da Redmond, kuma gadoji biyu ne masu iyo a kan ruwa suke tsallake shi, ta hanya mai lamba 520 da ta I-90. Tambayar mai zuwa aiki kowace safiya ɗaya ce: wace gada zan bi? In na'ura ta amsa masa wannan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

A tsakanin wannan da waya akwai na'urorin nuna hanya irin na Garmin da TomTom da ake liƙawa a gilashin gaba. Har yanzu ana sayar da su, kuma da yawansu suna karɓar labarin cunkoso.

Yaya aka yi ta san akwai cunkoso a wurin da ni ban kai ba?

Ita kanta ba ta ganin komai. Labari ake kawo mata, kuma daga wurare daban-daban yake fitowa.

Mafi tsufa shi ne wayar da aka naɗe aka binne a cikin kwalta. In ka lura a titunan Kalifoniya za ka ga an tsaga kwalta an yi da'ira ko murabba'i a tsakiyar kowane layi, an cike tsagar da baƙin abu. Wutar lantarki kaɗan ce ke bin wayar, duk ƙarfen motar da ya gitta ta kai sai ya taɓa maganaɗisun da ke kewaye da ita, akwatin da ke gefen hanya ya ƙirga. Yana ƙirga yawan motocin da suka wuce da kuma tsawon lokacin da kowacce ta yi a kan wayar. In motoci suna daɗewa a kai, tafiya ta yi nauyi ke nan. Hukumar sufurin Kalifoniya, Caltrans, tana da irin waɗannan ma'aunai kusan 40,000, suna aika rahoto duk daƙiƙa 30. Na'urorin farko da irin wannan rahoton na hukuma suke aiki, shi ya sa babbar hanya kaɗai suke nunawa, ba su san titin cikin gari ba.

Sai kuma wayoyin mutane, kuma wannan ne ya sauya komai. Google ya fara nuna cunkoso a taswirarsa a 2007, a 2009 ya sanar cewa yana amfani da saurin tafiyar wayoyin da ke cikin motoci. In wayoyi ɗari da ke kan wani sashe na hanyar 405 ta Los Anjelis duk suna tafiyar kilomita 15 a awa, a wurin da aka saba yin 100, ba sai an tura kowa ya dubo ba. A shekarar 2007 ɗin TomTom ya fara irin wannan a Holan da bayanan wayoyin kamfanin Vodafone. Akwai kuma kamfanoni irin INRIX da ke tattara saurin motocin kamfanonin dakon kaya da na haya suna sayar wa masu ƙera motoci da hukumomi.

Na uku bakin mutane ne. Waze, wanda aka kafa a Isra'ila a 2008 kuma Google ya saya a 2013 a kan kusan dala biliyan 1, ya ginu ne a kan direbobi suna danna cewa ga haɗari, ga mota ta lalace a gefe, ga taya a tsakiyar hanya. 'Yan sandan babbar hanya ma suna fitar da nasu rahoton. A Los Anjelis za ka riƙa jin kalmar SigAlert a rediyo. Tun 1955 ake amfani da ita, daga sunan wani ma'aikacin rediyo Loyd Sigmon, kuma ma'anarta a wurin 'yan sandan Kalifoniya ita ce wani abin da ba a shirya ba ya rufe layi ɗaya ko fiye na tsawon minti 30 ko sama. In ka ji ta a kan hanyarka, ka ɗauki maganar da muhimmanci fiye da kowane launi da ke taswira (ja alamar cunkoso ce, kore alamar hanya a buɗe).

In an ce "kai tsaye", ana nufin abin da ke faruwa a wannan daƙiƙar?

A'a. Sai motoci sun rage gudu, an tattara rahoto, an tace shi, sannan ya iso hannunka, kuma wannan yakan ci 'yan mintoci. Haɗarin da ya auku yanzun nan a gabanka bai shiga taswira ba tukuna. Haka nan ja yakan ɗan daɗe a taswira bayan hanya ta buɗe. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wurin da kake kallo yana nesa da kai da minti 25, misali, kuma abin da za ka tarar can bayan minti 25 ɗin shi ne damuwarka. Saboda haka manhajojin yanzu suke haɗa rahoton yanzu da tarihin hanyar, wato yadda ta saba kasancewa a irin wannan rana da irin wannan lokaci, su yi hasashen sa'ar isowarka. A ranar da komai ke tafiya yadda aka saba hasashen yana dacewa sosai. Ranar ruwan sama na farko bayan dogon rani, ko jajibirin hutu, sai a hankali.

To yaushe ya fi dacewa in duba ta?

Kafin ka tayar da mota. Wannan ita ce amsar da na fi so mutane su riƙe daga duk shafin nan. Yawancin masu ƙorafin cewa na'urar ba ta da amfani sai sun maƙale suke tunawa da ita, alhali a lokacin ba abin da za ta yi musu illa ta gaya musu abin da idonsu ke gani.

Kana gida ko a ofis zaɓinka yana da yawa. Za ka iya fita yanzu, ko ka jira minti 40 ka yi sallar magariba a natse sannan ka kama hanya, ko ka fara biyawa kasuwa, ko ka hau jirgin ƙasa, ko ka kira ka ɗaga alƙawarin. Da zarar ka hau babbar hanya zaɓin ya ragu zuwa biyu, ka zauna ko ka sauka. Da ka wuce mafita, ya zama ɗaya. Google Maps yana da wurin da za ka sa masa lokacin da kake son tashi ko lokacin da kake son isa, ya nuna maka yadda hanyar ta saba a wannan sa'ar. Wanda ya samu sabon aiki ya gwada wannan tun kafin ya kama haya, domin gidan da ya fi kusa a taswira ba lallai ne ya fi kusa da safe ba.

Dubawa ta biyu ita ce kafin babbar mararraba, kuma nan ne sanin gari ke aiki. Mai fita daga tsakiyar Los Anjelis zuwa gabas yana da hanyar 10 da ta 60, suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, ga kuma 210 can arewa. Mai zuwa kudu yana da 110 da 710 da 605 da 5, gwargwadon inda ya nufa. A gabashin tsakiyar birnin akwai wurin da 5 da 10 da 60 da 101 suke haɗuwa, motoci suna sauya layi ta ko'ina. Wanda bai yanke shawara ba kafin ya isa wurin, hanya ce za ta yanke masa. Ka san mararrabobi biyu ko uku da ke kan hanyarka ta kullum, ka san inda kowane reshe ke kaiwa, sai na'urar ta zama mai ba ka labari kawai, kai ne mai hukunci.

Na zauna a ja na minti 20, da na fita ban ga haɗari ba, ban ga masu aiki ba. Me ya tsayar da mu?

Yawan motoci ne kawai. Layi ɗaya na babbar hanya yana iya ɗaukar motoci kusan 2,000 a awa, wato mota ɗaya duk ƙasa da daƙiƙa biyu. In aka kusa wannan iyaka, mutum ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa zai taka fiye da shi, na bayan wannan ya ƙara, har a kai ga wanda zai tsaya cik. A Japan an gwada wannan, aka buga sakamakon a 2008. An sa motoci 22 a wata hanya mai da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya yi tafiyar kilomita 30 a awa. Babu danja, babu abin da ya tare hanya, amma ba a daɗe ba wasu suka fara tsayawa, kuma tsaikon ya riƙa komawa baya da saurin kusan kilomita 20 a awa, kamar igiyar ruwa mai tafiya baya.

Amfanin sanin wannan shi ne ka iya bambance iri biyu a taswira. Guntun ja ko ruwan lemo da ke bayyana a wurin da ya saba, a lokacin da ya saba, ba tare da alamar haɗari ba, na yau da kullum ne, ana tafiya ko da a hankali. Ja mai duhu a wurin da bai saba ba, ga alamar haɗari a bakinsa, ga hanya shar kore bayan wurin, wannan toshewa ce. A hanya mai layi uku, rufe layi ɗaya yana rage abin da hanyar ke iya ɗauka da kusan rabi, saboda turereniyar komawa sauran layukan da masu rage gudu don kallo. Irin wannan ne ya cancanci a guje masa.

In ta ce in sauka daga babbar hanya in bi cikin gari, in bi?

Ka fara duba minti nawa ta ce za ka rage. A ganina, in bai kai minti 10 ba a tafiyar awa guda, zauna inda kake. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Lissafin na'ura a kan babbar hanya ya fi inganci, domin can ma'aunai da wayoyi suke da yawa. A titin unguwa motoci kaɗan ne ke ba da rahoto, ga danja, ga masu tsallaka titi, ga motar 'yan makaranta da doka ta ce a tsaya mata in ta kunna jan fitila, ga kwanar hagu a titi mai layi huɗu inda babu danja. Minti 4 da aka yi maka alƙawari danja biyu sun isa su cinye shi. Manyan hanyoyin nan kuma, duk da gudun da ake yi a kansu, sun fi titunan cikin gari ƙarancin mummunan haɗari in aka auna da nisan tafiya, saboda babu mai gitta maka kuma babu mai tahowa ta gabanka.

Na taɓa bin irin wannan shawara wata ranar Juma'a don in rage minti 6. Manhajar ta sauke ni, ta bi da ni lungu-lungu, ta kawo ni bakin wani babban titi inda zan yanka hagu babu danja. Motoci takwas na tarar a gabana, duk ita ta turo su. Na isa bayan lokacin da ta fara ba ni da farko, kuma gajiyar da na kwasa ta fi ta zaman cunkoso.

Sauka tana da daraja in an rufe layuka, ko in akwai babban titi da ke tafiya gefe da gefe da babbar hanyar. Tsakanin tsakiyar Los Anjelis da Santa Monica, in 10 ta toshe, akwai titunan Olympic da Pico da Venice, manya ne, sun saba ɗaukar motoci. Amma a mashigin Sepulveda, inda 405 ke ratsa duwatsu daga kwarin San Fernando, hanyoyin ratse 'yan siraran titunan kwazazzabai ne masu kwana-kwana, kuma da 405 ta tsaya su ma sun cika. A irin wannan wuri sauya lokacin fita ne kaɗai magani.

In kowa yana da na'urar, ai kowa zai bi hanyar ratse ɗaya?

Haka ne, kuma wannan ce babbar matsalar abin. A zamanin TrafficGauge masu ita tsiraru ne, suna da labarin da sauran ba su da shi. Yanzu kusan kowace mota tana da shi. An gudu ba a tsira ba, sai dai an kwashe cunkoson daga wuri an kai wani. Abin da na'urar ke bayarwa a yau galibi sanin lokacin isa ne da kauce wa babbar toshewa. Kada a raina wannan. Mai ɗauko yaro daga makaranta da mai kama jirgi sun fi buƙatar su san ƙarfe nawa za su isa fiye da a rage musu minti 5.

Mutanen unguwannin da ake ratsawa fa?

Suna shan wahala, kuma ya kamata direba ya sa wannan a lissafinsa. Garin Leonia a jihar Niyu Jesi ɗan ƙarami ne, amma yana dab da gadar George Washington mai shiga Niyu Yok. Manhajoji suka riƙa turo masa motoci har wasu mazauna suka kasa fitar da motarsu daga gida da safe. A Janairun 2018 hukumar garin ta hana baƙi bin tituna kusan 60 a lokutan cunkoso, daga baya kotu ta soke dokar. A Los Anjelis akwai titin Baxter, mai gangara kashi 32 cikin ɗari, ɗaya daga cikin mafiya tsananin gangara a birnin, inda baƙin direbobi suka riƙa zamewa musamman in an yi ruwa, har aka mayar da wani sashensa hannu ɗaya a 2018. Titin da ka ratsa don ka rage minti 3 ƙofar gidan wani ce, 'ya'yansa na wasa a wurin. In dole ta sa ka bi, bi a hankali.

Tana yin kuskuren da zai cutar da mutum?

Tana yi, domin hanyar da babu kowa a kanta kore take nunawa, ba ta tambayar dalilin da ya sa babu kowa. A Disamban 2017, lokacin gobarar daji ta Skirball kusa da 405, sai da 'yan sandan Los Anjelis suka gargaɗi mutane cewa manhajoji na tura su titunan da ke kusa da wutar, saboda an kwashe mutanen wurin titunan sun zama fayau. A Yunin 2019 motoci kusan 100 da ke hanyar filin jirgin saman Denver suka bi wata hanyar ratse don guje wa haɗari, suka kafe a laka. A 2020 kuma wani mai zane a birnin Balin na Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a 'yar amalanke ya ja su a ƙafa, titin da babu kowa ya koma ja a taswira. In allon hanya, ko ɗan sanda, ko idonka ya saɓa da na'ura, bar na'urar. In kwalta ta ƙare, juya.

Me doka ta ce game da taɓa ta ana tuƙi?

Kowace jiha da dokarta, sai ka duba ta inda kake. A Kalifoniya, tun 1 ga Janairun 2017, haramun ne ka riƙe waya a hannu kana tuƙi. Sai an kafa ta a mariƙi, kuma taɓawa ɗaya ko shafa ɗaya aka yarda. A gilashin gaba ma ba ko'ina ake liƙawa ba, sai a kusurwar ƙasa: faɗin inci 5 a ɓangaren direba, ko inci 7 a ɓangaren fasinja.

Ko babu tara, lissafin ya ishi mai hankali. A gudun kilomita 100 a awa mota na cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Kallon taswira na daƙiƙa 4 ya wuce mita 110 ba ka ga hanya ba, kuma wutsiyar cunkoso, inda masu gudu ke tarar da tsayayyu, nan ne ake yawan dukan mota ta baya. Ka rubuta inda za ka tun mota na tsaye, ka kunna murya, in da abokin tafiya ka miƙa masa. In na'ura ta ce akwai tsaiko a gaba, fara sassauta totur da wuri, ka bar tazara, ka riƙa duba madubi.

Malam, ina da tsohuwar Garmin, yarana sun ce in yar da ita in koma waya. Su ke da gaskiya?

Baba, ba sai ka yar ba. A labarin cunkoso dai waya ta fi ta, musamman a titunan cikin gari. Yawancin tsofaffin na'urorin nan ta tashar rediyon FM suke karɓar labari, ta wani tsari da ake kira TMC wanda aka fara a Turai, kuma sau da yawa eriyar tana cikin igiyar cajar da ta zo da na'urar, shi ya sa in an sauya caja sai labarin ya ɗauke. Ƙofar da saƙon ke bi ƙarama ce ƙwarai, lambobi ne kawai ake aikowa, ɗaya ta wuri ɗaya ta abin da ya faru, na'urar ta fassara. Saboda haka manyan hanyoyi kaɗai take sani, kuma takan makara.

Amma taswirarta na cikinta, ba ta buƙatar data, kira ba ya katse ta, kuma a hamadar Nebada ko cikin duwatsu inda sabis ke ɗaukewa tana ci gaba da nuna hanya, domin sauraron taurarin ɗan'adam kawai take yi. Ka sabunta taswirarta, ka bar ta a mota don doguwar tafiya, ka duba waya kafin ka fita.

Ni tirela nake ja. Manhajar waya ta ishe ni?

Ba ta isa ba. Manhajojin gama-gari ƙaramar mota suke lissafawa, ba su san tsayin motarka ko nauyinta ba. A jihar Niyu Yok akwai tsofaffin hanyoyi masu gajerun gadoji da aka haramta wa manyan motoci, kuma tireloli sun sha dukan gadojin nan saboda bin taswirar ƙananan motoci. Nemi na'urar da aka yi don manyan motoci, irin Garmin dēzl, ka shigar da tsayi da nauyi da irin kayan da ka ɗauko. Waya kuma ka bar ta don ganin cunkoso kawai, kada ka bi ratsenta.

Ana bin sawuna ke nan?

Taurarin GPS ba sa ganinka, aikowa kawai suke yi. Wayarka ce ke aika wa kamfani inda take da saurin da take yi, kuma da wannan ake haɗa taswirar da kake amfana da ita. Kamfanonin sun ce suna cakuɗa bayanan ba tare da suna ba, amma bayanai sukan tafi inda mai su bai zata ba. A 2011 TomTom ya nemi afuwa bayan ta bayyana cewa 'yan sandan Holan sun yi amfani da bayanan saurin da ya sayar wa hukumomi wajen zaɓar inda za su kafa tarkon masu gudu. Shiga saitin wayarka, ka bai wa manhajar izinin sanin wurinka lokacin da kake amfani da ita kaɗai, ka duba ko tana ajiye tarihin tafiye-tafiyenka. Na'urar da ke karɓa ta FM ba ta aika komai.

Danjar da ke bakin mashiga ba ita ke ƙara ɓata lokaci ba?

Mutanen Minesota ma haka suka zata. A shekarar 2000 aka kashe duka irin waɗannan danjoji masu sakin motoci ɗaya bayan ɗaya zuwa babbar hanya, su 433 da ke yankin Minneapolis da St. Paul na tsawon mako takwas don a gani. Lokacin tafiya a manyan hanyoyin ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, haɗurra suka ƙaru da kashi 26. Sakin motoci ɗaya bayan ɗaya yana hana irin igiyar birkin nan tashi.

Me zai hana a faɗaɗa hanyoyin kowa ya huta?

An gwada. A Houston an faɗaɗa hanyar Katy har ta kai layi 26 a wasu wurare in aka haɗa da na gefe, aka gama a 2008, cikin 'yan shekaru tafiyar safe da yamma ta sake yin nauyi. A mashigin Sepulveda an kashe sama da dala biliyan 1 an ƙara layi, aka buɗe a 2014, cunkoson yamma bai tafi ba. Da hanya ta yi sauƙi, wanda da yake fita da asuba sai ya dawo fita ƙarfe 8, mai hawa bas ya ɗauko motarsa, a gina sababbin gidaje can nesa.

Wannan yana aiki a gida Najeriya?

A manyan birane yana aiki, tunda wayoyin mutane ne tushen labarin. Mai shiga Abuja daga Mararraba da Nyanya zai ga jan layin nan kowace safiya, sai dai shi matsalarsa irin ta mashigin Sepulveda ce, hanyar ratse ba ta da yawa, lokacin fita ne abin dubawa. A Legas zaɓin ya fi, tsakanin gadar Third Mainland da ta Eko da ta Carter, ga kuma rediyon zirga-zirga na jihar a mita 96.1 FM tun 2012. A kan hanyoyin tsakanin garuruwa kuwa, taswira ba ta san ramuka ba, ba ta san gadar da ruwa ya cinye jiya ba, ba ta san dajin da ba a bi bayan la'asar ba. Hanyar da ta nuna kore ta ce ta fi sauri tana iya zama wadda direbobi suka ƙaurace wa da dalili. Matambayi ba ya ɓata: tsaya a tasha ka tambayi waɗanda suka fito daga can yau.

Sabis ya ɗauke, ko batir ya mutu. Sai yaya?

Taswirar da ka sauke a waya za ta ci gaba da nuna hanya, amma babu labarin cunkoso a cikinta. Kunna rediyo. A Los Anjelis tashar KNX a mita 1070 AM tana ba da rahoton hanya duk minti 10, kuma yawancin manyan biranen Amurka suna da irinta. Allunan lantarki da ke saman hanya suna rubuta minti nawa ya rage zuwa manyan mararrabobi, ma'aunan cikin kwalta ne ke ba su. Akwai kuma lambar 511, wadda aka keɓe tun shekarar 2000 don labarin hanya, tana aiki a jihohi da dama. Ajiye igiyar caja ta biyu a aljihun mota, kuma kada ka hau babbar hanya da yamma mai ya kusa ƙarewa a tanki, domin tafiyar minti 20 tana iya komawa awa ɗaya da rabi injin na kunne.